Neman Motar da Za Ta Ja Tirelar Yaya Arzika

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha shayi da daɗi a tashar Tambuwal ba. Ina zama kan benci sai wani ya matso: “Bube, ƙaƙa teku take?” Wani ya ce, “Da gaske mata na tuƙa babur can?” Na ba wannan guntu, na ba wancan guntu, har labarin ya fara dawo mini da abin da ban faɗa ba. Shekaranjiya na ji wai mun hau jirgin ruwa har ƙasar Turawa. To, ga shi nan na zuba shi gaba ɗaya, kowa ya ji ya sarara mini. Sai dai mai neman dariya ya yi haƙuri. Akwai ta, amma ba ta da yawa.

Tafiyar ba tawa ba ce, rakiya na yi. Yaya Arzika wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya ɗora hannuna kan sitiyari tun ina yaron motarsa. Ni na zauna Tambuwal ina jan bas a hanyar Sakkwato, shi kuwa iyalinsa na gida Fakku, can ƙasar Kebbe. Tun zamanin gyaɗa yake jan manyan motocin mutane, bai taɓa mallakar ko tayar safaya ba. Da kamfanin da ya yi aikin hanya ya gama ya tashi, aka yi gwanjon kayansa, Yaya ya sayi tirela mai ƙafa huɗu, irin wadda ake maƙala wa mota a baya. Nufinsa ya samo akori-kura mai ƙarfi, mai shan man dizal, ya riƙa kwaso dawa da shinkafar mutanenmu zuwa kasuwar Tambuwal, ya koma musu da taki da gishiri da siminti, jakuna su huta. Tirelar ta yi damina biyu a bayan tasha, awaki na shan inuwa ƙarƙashinta. Ku da kanku kuka sa mata suna amaryar Arzika, kullum kuna tambayarsa yaushe za ta tare.

Akwai abin da duk kuka sani ba ku taɓa faɗa ba, ni yau zan faɗa. Idon Yaya yana tafiya. Daga gefe ya fara cinyewa, har ya zama sai abin da ke gabansa daidai yake gani, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Likitan ido a Kaduna ya ce abin ba ya komawa baya. Yaya ya dawo ya ajiye aikin babbar mota, ya ce bayansa ke ciwo, mu kuma duka muka karɓa masa, har da masu kai masa maganin baya. Haka muke a wajenmu, ba a kiran irin wannan da sunansa a gaban babban mutum. Ni kaɗai ya ɗan buɗe wa cikinsa, ranar da ya sayar da shanunsa. Ya ce, “Bube, abu guda nika so. In shiga Fakku da mota ta kaina, tirela na biye, hannuna bisa sitiyari, ina ganin hanya. Sau guda ya ishe ni. Bayan nan kai ka ja.” Wannan maganar na ɗauka na tafi da ita, kuma ita ta hana ni sakat duk inda muka sauka.

Mun duba a Sakkwato, mun duba a Kano. Kusan duk masu shan fetur ne, masu dizal ɗin kuwa sai ka sa suna ka jira har ka manta. Direbobi suka ce a Kwatano ake sauke su daga jirgi, naira kuma kun san nauyinta, in ka canza ta sefa sai ka rasa aljihun sawa. Muka tashi cikin bazara, da niyyar dawowa kafin ruwa ya ɓata hanyar Kebbe. Daga Tambuwal zuwa Jega, Birnin Kabi, har Kamba, Yaya bai bar direban da ya ɗauko mu ya numfasa ba. “Yaro, kana kashe kuloci. Ɗauke ƙafa.” Direban ya waiwayo zai yi magana, ya ga furfura, ya haɗiye.

A Kamba aka ce sai mun yi allurar shawara kafin mu tsallaka iyaka. Ni Bube, da nake cika baki a tasha cewa ba na tsoron uban kowa, ina ganin tsinin allura na zube ƙasa a some. Na farfaɗo na tarar Yaya na yi mini fifita da hularsa, yana gaya wa ma’aikacin, “Yi mai haƙuri, ɗan auta na.” Don Allah wannan kada ya wuce tasha.

Gaya ta ƙasar Nijar ba nisa, kuma Hausa ake yi, amma Hausar tasu da ƙashi a ciki. Kwastan sun zama duwan, ɗan sanda jandarma, fetur isansi. Yaya ya tsaya wani shago kusa da tasha ya tambayi yadda ake sayar da gas a ƙasar, don mu nan gas muke ce wa dizal. Mai shagon ya shiga ciki ya mirgino tukunyar gas ta girki har gaban ƙafarsa. Sai da wani direba ya shiga tsakani, ya ce abin da muke nufi gazuwal sunansa. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, a hammata ake ɗaukarsa, in ka ciza kuwa sai ya yanke maka dasashi. Abin da ya fi ƙona mini rai, rana na take tsaka sai kowa ya ja ƙofar ofis ya tafi barci, sai wajen la’asar. Na zauna gindin bango ina huci, don ni kowace rana ta wuce ji nake an gutsure mana ita daga idon Yaya. Shi kuwa ya samu direbobin ƙasar ya baje hira, yana tambayar wace mota ke jure yashi, wacce ke zafi in ta ga hawa, wacce kayan gyaranta ke samuwa.

Gadar Kwara da ƙafa muka tsallake ta, shi ya ce haka yake so. Muna tsakiya ya tsaya, ya juya kansa a hankali har ya kamo wani kwalekwalen masunta. “Ga su can, mutum biyu, guda na jan koma.” Haka ne kuwa, mutum biyu ne. Na ji daɗi har na saya masa goro a ɗaya gefen.

A Dahome, wadda yanzu suka sake wa suna, kowa kamarad ne. Jandarma ya ce mini kamarad, mai yankan tikiti ya ce wa mai shayi kamarad. Yaya ya ce, “Wanga Kamaradu ɗiya gare shi da yawa.” Daga Malanbil, garin da ke ƙetaren gadar, motar albasa muka samu, muka zauna kan buhuna har Faraku, muka sauka ba mai iya zama kusa da mu. A nan muka ci sakwara da wani cukun Fulani da suke soyawa su jefa a miya, wagashi suke ce masa. Yaya ya ci ya ƙara, yana dariya ya ce da Fulanin Kebbe sun iya wannan da bai rabu da shanunsa ba. Sai jirgin ƙasa, wanda ba ya sauri kuma ba ya jin kunyar tsayawa. A wata tasha wata mata ta shigo da kwando a ka da goyo a baya. Ba sallama ba komai ta kwance jaririn ta dangwara wa Yaya a cinya, ta shiga gyara kayanta. A wajenmu wace mace za ta yi wa baƙon namiji haka? Yaya ya ɗago jaririn dab da fuskarsa, ya daɗe yana kallonsa, har ya jiƙa masa riga bai ajiye shi ba. Na gane tara kallo yake yi, sai na kau da kai wajen taga.

A Kwatano muka sauka unguwar Zango, gidan Alhaji Na-Allah, mutumin Argungu da ya daɗe can har ’ya’yansa na gaishe mu da Hausa kamar ta aro. Ya ba mu ɗaki, ya yi mana mutunci ƙwarai. Garin ne dai ba na zama ba. Iska jiƙaƙƙiya, ka wanke riga ta wuni ta kwana ba ta bushe ba, ashana ta ƙi kamawa. Abincinsu akasa, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, da miyar kifi ja wur da manja da barkono. Cikina ya yi mini bore na kwanaki. Maganar mata kuwa gaskiya ce. Su ke tuƙa ƙananan babura, su ke da kasuwa, su ke da manyan shaguna, maza na bin su da kaya a ka. Ko filin motocin da Alhaji ya kai mu, kusa da tashar jiragen ruwa, na mace ne.

Madam Afi sunanta, ƙatuwar mace mai murya kamar ta ɗan kamasho, ta iya Hausa tun tana fataucin albasa a Malanbil. Ta fara nuna mana wata akori-kura mai shan fetur, sabuwa fil, irin wadda ma’aikata ke rububi. Ni har na fara shafa ta. Yaya ya ce a tayar, ya saurara, ya zagaya baya ya danna bodin da hannu biyu, ta yi ƙasa ta dawo kamar katifa.

“Wagga ta zuwa biki ta,” in ji shi. “Fetur gudu gare shi, ba shi da ƙirji. In ta ja tirela ta hau tudu sai ta tafasa. Kuma ba ta da nauyi. Kowa tambaya shika yi, tana ja? Ja ba wuya, Madam. Ni abin da nika tambaya, in kaya sun turo ta daga baya bisa gangara, tana tsayawa?”

Ta biyu dizal ce, ƙatuwa, doguwa, ta ɗan yi aiki a ƙasar Turawa. Ƙararta kaɗai ta isa. Yaya ya so ta, na ga alama a fuskarsa. Ya tuɓe babbar riga ya rataye, ya kwanta ya shige ƙarƙashinta, yana bin shasi da yatsu tun daga gaba har baya. Kusa da tayoyin baya ya tsaya. Ya ce ta taɓa karyewa a nan, an yi walda an shafe da fenti. Madam ba ta yi musu ba, ta ce haka ta zo, kuma waldar mai kyau ce. Ya ce ga mai ɗaukar kaya a bodi kaɗai za ta yi shekaru, amma tirela a daidai nan take fizga, ga shi ƙugiyar ma a jikin bamba aka ɗaura ta maimakon jikin shasi. Kuma in wani abu ya lalace cikin injinta, babu makanikin da ya taɓa ganin irinsa daga Tambuwal har Sakkwato.

Da ya fito ya miƙa hannu zai ɗauki rigarsa, sai ya damƙi iska, rigar na gefensa kaɗan. Madam Afi ta dube shi ta ce da ƙarfi, a gaban Alhaji da ma’aikatanta, “Baba, kai ido ya mutu. Wa zai tuƙa?”

Jini ya hau mini kai. Na zabura zan gaya mata maganar da ba ta taɓa ji ba, Alhaji ya riƙe mini hannu. Ya ce a nan haka suke, abin da ido ya gani baki ya faɗa, ba cin fuska ba ne. Yaya ya laluba ya samu rigarsa, ya sa ta a natse, ya ce, “Bayana ka ciwo, Madam.” Ta dube ni, ta dube shi, kuma ba ta sake ba. Ta ce akwai wasu a jirgin da ke hanya, dizal masu silinda shida, ƙafafu huɗu duk suna ja, don gonaki da tireloli aka yi su. Amma jirgin sai ranar da ya zo.

Muka shiga jira. Mako ya wuce, wani ya bi shi, ruwan sama ya sauka a Kwatano. Kullum da hantsi mu je, Madam ta ce gobe. Ni kuma ina ganin abin da ke faruwa. Da farko in na ajiye kwanon abinci sai ya lalubo bakinsa. Daga baya ya koma tafiya dab da bayana, ni kuma na koyi surutu a hanya don ya bi muryata, ina ba shi labaran banza da wofi. Wata safiya rana ta fito har ta shigo ɗaki, ya tambaye ni ko hadari ne ya rufe gari. Na ce masa hadari ne.

Ranar da la’asar na kai shi bakin teku. Tun da kun dame ni da teku, to ruwa ne ba ƙarshe, yana tafasa ba wuta, yana ƙarni kamar kasuwar kifi ta Yawuri. Ban kalle shi sosai ba. Na durƙusa gaban Yaya kan yashi na ce, “Yaya, don girman Allah mu ɗauki babbar nan mu tafi gida. Walda ba ta karyewa tsakanin nan da Fakku. Ka shiga gari da ita, in ya so daga baya mu saida ta.”

“Mu saida ma wa? Wani shi kwashi ɗiyan mutane bisa karyayyen shasi?”

“To mu ɗauki mai fetur!”

“Bube, ni sau guda za ni jan ta. Kai kullum za ka ja ta, da dawa buhu bisa buhu, da mata ’yan kasuwa zaune bisa kaya. In nis sayi mota don rana guda, kai nib bari da sauran ranakku.”

Na gaya masa abin da ban taɓa gaya masa ba tun da aka haife ni. Na ce taurin kai gare shi, na ce lokaci ba ya jiranmu. Ban kira abin da sunansa ba, amma ya ji. Ya ce, “Na sani. Tashi, yashi na shiga aljihunka.” Na tashi ina kuka kamar ƙaramin yaro, hayaniyar ruwa ta rufa mini asiri.

Da jirgin ya zo aka sauke motocin, Madam Afi da kanta ta zo Zango kan babur ta kira mu. Wannan karon ba ta ce masa duba ba. Ta kama hannunsa, mace ta kama hannun Yaya Arzika a bainar jama’a, ta ɗora kan bodi ta ce, “Baba, taɓa.” Ya kuwa taɓa. Ya ƙirga ganyen sifirin da yatsa, ya ƙwanƙwasa shasi da sifana yana sauraro, ya laluba ƙugiya ya ji kusoshinta sun ratsa jikin shasi, ya gano bututun da ke kai birki ga tirela. Aka tayar, ya kara kunne jikin injin, ya tara tafin hannu bakin salansa ya shinshina. Sannan ya ce a ara masa tirela da kaya. Aka maƙala wata cike da siminti, na shiga na ja, yana gefena. Ya sa na faɗa yashi na sa ƙaramar giya, ta fita kamar ba komai. Muka hau titi, ya bari na ɗan yi gudu, sai ya daka mini tsawa, “Taka!” Na taka birki. Mota ta tsaya, tirela ta tsaya, ba wadda ta turi wata.

“Ita ta,” in ji shi.

Madam ta ce filinta babu kowa, ya shiga ya zagaya ko sau ɗaya ne. Na sa baki, Alhaji ya sa baki. Yaya ya ce a’a, jansa na farko na Fakku ne. Ta ba shi kyautar jarkar gazuwal, ta ja ni gefe ta ce, “Kai ƙane, yi sauri.”

Na yi sauri iyakar yadda takardu suka bari. Na dawowa ba ni da labari mai yawa, don ban ga komai ba sai hanya. Yaya ya daina gyara mini tuƙi, wannan kuwa ya fi tsawa tayar mini da hankali. Da muka hau gadar Kwara ya ce, “Mun kai gada,” don ƙarar taya ta sauya, amma bai juya kai wajen ruwa ba. Bayan Kamba na kasa haƙuri, na ce, “Yaya, hanyag ga ta yi fari.” Ya ce, “Awo, ina ganin farinta.” Na riƙe wannan da hannu biyu.

Ranar da muka iso Tambuwal kuna nan. Kun ga yadda aka kori awaki, aka ba tayoyin tirela iska, aka maƙala ta, kuna ihu amarya ta tare. Kun ga Yaya na gaisawa da kowa da sunansa. Ba ku lura ba, sai mutum ya yi magana yake kiran sunan. Muka yi lodin taki da gishiri da siminti, washegari da safe muka kama hanyar Kebbe. Ruwan farko ya riga mu. A wata fadama muka tarar da babbar mota ta kafe, mutane na saro ganye suna cusa mata ƙarƙashin taya. Yaya ya ce, “Sa ƙaramar giya, fuɗu su ja tare. Kada ka ba ta wuta, bar ta ta yi abinta.” Ta shiga taɓo tana gurnani a hankali, tirela na biye, ta fita ɗaya gefen. Yaya ya bugi cinyarsa ya yi dariya, wadda rabona da ji tun Faraku. “Ka jiya? Ka jiya, Bube?”

Da na hango rumbunan Fakku na tsaya ba tare da ya ce ba. Labari ya riga mu tun jiya, gari na jira. Na fita na zagaya, shi ya matsa ya zauna mazaunin direba. Ya gyara hula, ya shafa sitiyari, ya miƙa hannu ya gyara madubi kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Ya yi bisimilla ya sa giya. Wallahi ko ni ban iya tashi da ita da laushi haka ba, tirela ko girgiza ba ta yi ba. Tayoyi suka faɗa sawun amalanke, hanya ta riƙe shi, ni kuma ina cewa a hankali, “Dama kaɗan, Yaya. Haka. Miƙe.” Na fara gaya wa kaina za mu kai.

Sai ga ihu daga bakin gari. Yaran Fakku ne kaf suka kwaso a guje, suna tsalle a tsakiyar hanya. “Ga Baba Arzika! Ga mota!” Yaya ya taka birki, komai ya tsaya cak.

“Yara na?”

“Su na, Yaya. Bari in fita in kore su gefe.”

“Ba su koruwa. Ka kori goma, guda shi ɓullo ƙarƙashin tirela.” Ya tura fuskarsa har goshinsa ya kusa taɓa gilashi, ya juya dama, ya juya hagu. Ya daɗe a haka. Autarsa Hassi na cikinsu, ita ta fi kowa ihu. Ya ce, “Bube, ina jin muryar Hassi. Ba ni ganinta. Ba ni ganin kowa.”

Tun da abin ya fara, ranar ce ya faɗa da bakinsa. Na roƙe shi. Na ce zan yi tafiya da ƙafa gaban mota, na ce saura ɗan taƙi, ga ƙofar gidanmu can. Ya ja birkin hannu, ya zare hannuwansa daga sitiyari ɗaya bayan ɗaya, ya matsa gefe. Ban san lokacin da na zagayo na zauna ba, hanyar ma da ƙyar nake ganinta don hawaye.

Na ja a hankali, yara na bin mu gefe da gefe. Maza sun fito ƙofar masallaci, mata na guɗa ta kan darni. Yaya ya goge fuskarsa da hannun riga, ya gyara zama, ya fara ɗaga hannu ta taga wajen da yake jin muryoyi. Sai ya sunkuyo kusa da kunnena.

“Yanzu za su taru su yi min barka, kowa na yaba ta. Kada in ji kunya. Gaya min, wane launi gare ta?”

“Shuɗiya ta, Yaya.”

“Shuɗiya,” in ji shi. “Ashe har kyau gare ta.”